Hayaƙin da Ba Ya Shiga Lissafi

Iska ta juya tun kafin Maman Auta ta gama shanya zanin gado na ƙarshe. A maƙogwaro ta fara ji, ɗacin nan na leda mai cin wuta, gauraye da ƙaurin tsohuwar taya da warin abin da ya daɗe da ruɓewa. Ta ɗaga kai. Daga bayan katanga, can inda jujin birni ya taru ya yi tudu, baƙin hayaƙi ya kwanto ya nufo gidajensu a hankali, kamar wanda ya san babu mai tare masa hanya.

"Auta! Shiga ɗaki ki rufe taga!"

Ta hau fizgo kaya daga igiya tana jibgawa a kafaɗa, fararen riguna na mutane, jiƙe sharkaf, ruwansu na bin bayanta. Wanki da guga ne sana'arta. Daga gidajen cikin gari take karɓo kayan, kuma masu ba ta sun fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ko a makon da ya wuce wata ta dawo mata da riguna tana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Maigidan ya shiga ofis aka yi ta yi masa jaje, wai ko gobara aka yi a gidansa."

Kafin ta kwashe rabi toka ta fara sauka, ƙanana baƙaƙe, suna manne wa duk abin da ke da danshi. Ta tsaya riƙe da zanin gadon da ta sha wahalar cuɗawa tun safe, tana kallon yadda yake yin ɗigo-ɗigo. Ba ta yi tsaki ba. Ta daɗe da daina yi.

A ɗaki ta tarar da Auta zaune a bakin katifa, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa suna sauka. Yarinyar ba ta kai shekara goma ba, kuma ko a hakan ta fi sa'o'inta ƙanƙanta. Ciwon asma ya kama ta tun tana rarrafe. Idan ya motsa ƙirjinta kan yi wani siririn sauti, har yaran makaranta suka laƙaba mata Usur.

"Ina abin shaƙarki?"

Auta ta ɗaga shi ta nuna mata, ta riga ta shaƙa.

"Umma, Baba ne?"

Maman Auta ta sunkuya tana cusa tsumma a ƙasan ƙofa. "Yi shiru ki yi numfashi," ta ce.

* * *

Bayan la'asar maigidanta ya dawo. Ya tsaya a bakin famfon tsakar gida ya cire riga, ya wanke kai da hannuwa har gwiwar hannu, ya sake wankewa, duk da ya san ƙaurin ba ya fita da sabulu. Har yanzu Direba ake kiransa a unguwa, domin shi ne ke tuƙa katafilar da ke baje shara tana binne ta da ƙasa. Katafilar ta lalace tun Auta tana aji ɗaya. Tana nan a gefen juji, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙarfunanta, awaki na kwana a inuwarta. Tun daga lokacin ɗan kwangilar da ke kula da wurin ya sauya masa aiki. Idan shara ta cika, ya zuba mai ya ƙyasta ashana.

"Na duba iskar," ya ce, bai kalle ta ba. "Wallahi na duba. Daji ta nufa lokacin da na kunna."

"Na sani."

"Motoci sun yi layi har bakin titi, babu inda za su juye. Oga sai kira yake."

"Na ce na sani, Baban Auta."

Ta miƙa masa tawul. Ya riƙe shi a hannu bai goge ba, yana kallon ƙofar ɗakin yarinyar.

"Ta yi barci," ta ce. "Jami'ar nan ta muhalli ta kira ni. Taronsu na shekara ya zo, wanda ake zaɓar abin da birni zai sa a gaba. Ta ce in zo in yi magana a madadin matan unguwa."

Ya yi murmushin gajiya. "Za a ƙaro mana hula ke nan."

Duk shekarar da ta je sai an ba ta koriyar hula da riga mai hoton ganye. Rigunan ta yayyanka su tana kama dutsen guga da su, hulunan kuwa shi yake sawa a juji.

"Ta ce bana daban ne. Wai an sa gyaran juji cikin abubuwan da za a zaɓa."

Ya ce, "Idan kin tashi magana, kada ki ce ni ne."

"To me zan ce? Aljanu ke kunnawa?"

"Ki ce ana kunnawa. Ya isa." Ya goge fuska. "Kuma idan suka rufe wurin gaba ɗaya fa? Kin yi tunanin abin da za mu ci?"

"Na yi. Na kuma yi tunanin wadda za mu ciyar."

Ya zauna a kan bokitin da ta kife, ya zuba wa ƙafafunsa ido.

* * *

Zauren taron yana da sanyi har cikin ƙashi. Ta bayan ginin wani ƙaton janareta yana ta gurnani, ana jin girgizarsa a tafin ƙafa. An jera ruwan roba a kan tebura, kowace kujera da koriyar hula a kanta. Maman Auta ta zauna a layin gaba inda jami'ar ta nuna mata, ta ɓoye hannuwanta da sabulu ya cinye a cikin mayafi.

Magajin gari ya iso a makare, aka miƙe. Ya yi magana a kan ɗumamar yanayi, da iskar da motoci da injuna da wutar shara ke fitarwa tana taruwa a sama tana riƙe zafi. Ya ce birninsu ya yi alkawarin rage nasa kason, kuma kowace shekara jama'a da kansu ke zaɓar inda za a fara. Aka haska wani zane a bango, jan layi yana gangarowa ƙasa kamar hanyar sauka daga tudu. Aka yi tafi.

Wani matashi mai gilashi ya tashi ya yi bayani a kan illar gawayi, ya ce mata su rungumi girki da guga na zamani. Maman Auta ta tuna rabonsu da wutar lantarki, ta gyara zama.

Da aka kira ta, ta riƙe makirufo da hannu biyu. Ba ta shirya komai ba, domin maganar ba ta sauya ba tun zuwanta na farko. Ta ce a unguwarsu yara sun san iska kamar masunta, suna duba inda ta nufa kafin su fita wasa. Ta ce tana da 'ya da ba ta taɓa yin gudu daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba. Ta ce ana kunna wa juji wuta saboda injin binnewa ya mutu, kuma ba alfarma suke nema ba, a gyara injin, a daina wutar. Muryarta ba ta yi rawa ba. A shekarar farko ta yi kuka a nan, har aka nuna ta a talabijin. Bana hawayen ma sun gaji.

An tafa mata fiye da kowa. Magajin gari ya taso da kansa ya tsaya kusa da ita, aka ɗora mata hular a kan mayafi, masu hoto suka yi ta walƙiya.

Daga nan aka raba wa kowa 'yar takarda mai mannewa. An kafa alluna a jikin bango, kowanne da aikin da ake so: fitilun titi masu aiki da hasken rana, dashen itatuwa a manyan hanyoyi, hana ƙona shara a unguwannin cikin gari tare da kwashe ta kullum, sai na ƙarshe kusa da ƙofar fita, gyaran juji. Kowa ya manna tasa inda ya fi so.

Wani dattijo mai ƙamshin turare da ke zaune kusa da ita ya dafa ƙirji ya ce, "Baiwar Allah, kin taɓa min zuciya. Allah ya ba yarinyar lafiya." Ta ce amin. Tana kallonsa ya taka ya manna tasa a allon hana ƙona shara a cikin gari. Ba ta ji haushinsa ba. Shi ma a bayan gidansa ake ƙonawa, shi ma yana da jikoki. Kusan duk wanda ke zauren daga cikin gari ya zo. Daga unguwarsu ita kaɗai ce, sai wani tsoho da aka ɗauko don addu'ar rufe taro, shi kuma ya manna tasa a jikin rigarsa yana tsammanin shaidar shiga ce.

Allon juji ya samu 'yan kaɗan, warwatse kamar ragowar hatsi a faranti.

A baranda jami'ar muhalli ta same ta. Matashiya ce, amma ƙasan idanunta ya yi duhu, ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu saboda ya matse ta.

"Mama, ki yi haƙuri. Na yi iya yina har aka sa shi a allo. Sun ce shekara mai zuwa."

"Haka kika ce bara, 'yata."

"Haka na ce." Ta jingina da bango. "Bari in gaya miki gaskiya, don na gaji da juya magana. Jujin nan yana bayan layin iyakar birni. Da 'yar tazara kaɗan, amma yana baya. Idan ana auna hayaƙin da birni ya fitar, na cikin layi ake lissafawa. Ko an kashe wutarku yau, jan layin nan da kika gani a bango ba zai motsa ba. Shi ya sa ba ya burge su."

Maman Auta ta juya maganar a ranta. "Sharar ta birni ce."

"Ta birni ce."

"Amma hayaƙin namu ne."

Jami'ar ta sunkuyar da kai.

"To wannan da aka zaɓa, za a kwashe ta cikin gari kullum a daina ƙonawa a can. Ina za a kai ta?"

Daga cikin zaure wani ya ƙwala wa jami'ar kira, ana neman ta a hoton rukuni. Ta saka takalmin tana ɗingishi ta koma.

* * *

Sababbin motocin shara sun fara zuwa kafin damina ta faɗi. Koraye ne, suna sheƙi, kuma a jikin kowacce an manna babban hoto: magajin gari yana murmushi, kusa da shi wata mata da hula a kan mayafi. Matan unguwa suka yi ta tsokanarta. "Maman Auta an zama manya! Ga ki nan kina wucewa sau goma a rana ko gaisuwa babu." Ta yi dariya tare da su, don babu abin da ya rage sai dariyar.

Sharar da a da ake ƙonawa a lungunan cikin gari, yanzu duk nan take zuwa. Wutar da ake kunnawa jefi-jefi ta koma ta kullum, daga baya ma ta daina mutuwa, sai dai ta lafa a ƙarƙashi ta yi ta cin kanta. A rediyo aka ce iskar birni ta fara gyaruwa, an ga bambanci a na'urorin awo. Maman Auta tana guga ta ji, ta miƙa hannu ta murɗa zuwa tashar waƙa.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne. Wata maƙwabciya ta faɗo gidan ba sallama. "Fito! Auta ta faɗi a hanyar makaranta!"

Ta same ta a gindin katangar wani gida, jakarta a yashe, leɓunanta sun yi shuɗi-shuɗi. Abin shaƙar na hannunta, tana ta dannawa amma iskar ba ta shiga. Ko sautin nan na ƙirjinta babu, kuma rashinsa ya fi komai tsoratar da uwar. Ba ta san wanda ya kira Direba ba. Ganinsa kawai ta yi ya keto mutane a guje, ya sunkuci yarinyar ya nufi titi yana ɗaga wa kowace mota hannu.

A asibiti aka sa mata robar iska a hanci da baki. Suka zauna a benci a baranda. Wata mata da ke gefen Direba ta shaƙi ƙaurin jikinsa, ta ja ɗanta suka koma wani bencin. Ya ga haka, ya tashi ya koma can ƙarshen baranda ya tsuguna.

Da nas ta fito, babbar mace ce mai furfura a gefen kai, ta tambayi unguwarsu. Da aka faɗa mata sai ta gyaɗa kai kamar an ba ta amsar da ta sani.

"Ta farfaɗo. Amma ku ji ni da kyau. Magani yana buɗe ƙirji, ba ya sauya abin da ke shiga cikinsa. Idan kuka mayar da ita can, za ku dawo da ita. Wata rana kuma hanya za ta yi muku nisa."

Washegari Direba bai je aiki ba. Ya kira ɗan kwangila a gaban matarsa, ya ce shi ya gama, hannunsa ba zai sake taɓa ashana ba. Tana jin amsar daga cikin wayar, a natse, babu ko faɗa. Ogan ya ce Allah ya ba yarinya lafiya, ya ce ba komai, akwai masu jiran aikin.

Wanda aka kawo a madadinsa sabon zuwa ne, ba a unguwar yake kwana ba. Yakan kunna da zarar ya iso, ko ina iska ta nufa, don ya gama ya tafi. Hayaƙi ya kwana ya wuni a kan rufin gidaje. Aka kwashi yara biyu na maƙwabta zuwa asibitin da Auta ke kwance. Tsofaffin unguwa suka zo suka sami Direba a ƙofar gida, suka zazzauna, aka daɗe ana gaisuwa kafin babbansu ya ce, "Kai dai ko ba komai kana duba iska."

Da suka tafi ya shigo ya tsaya a kanta tana jiƙa kaya.

"Kin ji abin da suka ce."

"Na ji."

"Me kika gani?"

Ta matse riga ta jefa a bokiti. Ta so ta ce kada ya koma. Ta so ta ce su tattara su bar unguwar, amma gidan nan shi ne kawai abin da suka mallaka, kuma babu mai sayen gida a bakin wuta. Ta ji gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa.

"Ka koma," ta ce. "Ita kuma mu kai ta wurin yayarta."

* * *

Babbar 'yarsu tana aure a wani gari mai nisa, inda mijinta ke koyarwa. Ba ta ja magana ba, ta ce a kawo ta. Daga asibiti aka wuce da Auta tasha, ba a ko biya da ita gida ba. Maman Auta ce ta haɗo mata kaya, bayan ta wanke su a gidan wata ƙawarta a cikin gari don kada ƙaurin ya bi ta.

"Umma, yaushe zan dawo?" ta tambaya ta tagar mota.

"Da hutu."

"Baba, ka ajiye min katifata, kada Umma ta ɗora kayan mutane a kai."

"Wa ya isa," ya ce, ya juya yana gyara hula.

Watanni suka shuɗe. Gidan ya yi faɗi. Maman Auta takan dafa abinci ya yi yawa, ta rasa yadda aka yi hannunta ya kasa koyon awon mutum biyu. Jami'ar muhalli ta kira sau ɗaya ta tambayi jikin yarinyar, ta ce ita an sauya mata wurin aiki zuwa wani sashe, wata ce za ta riƙa gayyatarta taro daga yanzu.

Wata rana da yamma, ana gab da hutun makaranta, waya ta yi ƙara. Muryar Auta ta cika kunnenta, da ƙarfi, tana haɗa magana kan magana ba ta tsayawa.

"Umma! An yi tsere a makaranta, na zo ta biyu! Da ba don takalmina ya cire ba da ni ce ta ɗaya, ki tambayi Yaya. Kuma na yi ƙiba, siket ɗina ya matse ni. Malamarmu ta ce in shiga masu wasan igiya."

"Ke da kanki? Gudu?"

"Wallahi, Umma! Har zagaye fili."

Maman Auta ta zauna a bakin ƙofa, ta rufe ido tana ƙoƙarin hango abin. Ba ta iya ba. Ba ta taɓa ganin ƙafafun nan suna gudu ba.

Sai muryar ta yi ƙasa. "Umma."

"Na'am."

"Hutun nan... dole ne in zo?"

A bayan katanga wata koriyar mota ta wuce tana nishi. Maman Auta ta jira ƙararta ta yi nisa.

"Ba dole ba ne, 'yar albarka. Yi zamanki. Mu za mu zo idan an samu hali."

"Ba ki ji haushi ba?"

"Haushin me? Gai da yayarki."

Ta daɗe zaune da wayar a cinya. Da Direba ya dawo ya gama wanke jikinsa, ta gaya masa Auta ta zo ta biyu a tsere. Ya yi dariya har haƙoransa suka fito, dariyar da ta manta yana da ita. Sannan ta gaya masa sauran. Dariyar ta tsaya a fuskarsa na ɗan lokaci, kamar ba ta san inda za ta je ba.

Ta tashi ta shiga ɗakin yarinyar. Ta naɗe katifar ta jingina ta a kusurwa, ta ɗauko ƙusa da dutse ta kafa a bango, ta sake kafa wata a bangon da ke fuskantarsa. A tsakar gida kwando biyu na jiƙaƙƙun kaya suna jira, kuma ba ta da sauran ƙarfin wanke abu sau biyu.

Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonta. Ta ɗaura igiyar shanya a ƙusa ɗaya, ta miƙa masa ɗaya bakin. Ya kalli igiyar, ya kalli katifar, sannan ya shigo ya karɓa.

"Ja sosai," ta ce. "Zannuwan suna da nauyi."